Sola Ba Ta Ɗaukar Gida Duka, A Raba Wa Kowace Wuta Aikinta

A babbar kasuwar Garwa da ke arewacin Kamaru aka ji wani mai sayar da kayan sola yana ce wa wani dattijo: "Baba Alhaji, in ka ɗauki wannan, kai da kuran kun rabu har abada." Wutar layi yake nufi, wadda muke kira kuran. Abin da yake nuna masa farantin sola biyu ne, da batir ɗaya, da inbata mai rubutun wat 3,000 a jikin kwali. Dattijon ya tambaya ko zai ja firigo da fanka uku da dutsen guga. Aka ce masa har da ƙari.

Wannan magana ita ke cinye kuɗin mutane daga Ngawundare har Kusiri. Ba lalle mai kayan ya yi niyyar cuta ba, wataƙila shi ma haka aka gaya masa. Amma maganar ba gaskiya ba ce, kuma lissafin da zai ƙaryata ta bai fi ƙarfin ɗan firamare ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, a yankinmu babu wuta ɗaya da za ta ɗauki nauyin gida ko shago ita kaɗai a kan kuɗin da talaka ko matsakaicin ɗan kasuwa zai iya biya. Sola ta dace da kaya marasa nauyi da ake daɗewa ana amfani da su, kamar fitila da fanka da cajin waya. Kuran na kamfanin lantarki na ƙasa, in ya zo, shi ya fi araha ga duk abin da ke yin zafi ko sanyi. Janareta, wanda muke kira gurup, na aiki mai nauyi ne na ɗan lokaci. Wanda ya ɗora wa wata wutar aikin wata, shi ne zai sayi batir sau biyu cikin shekara guda.

Me ya sa kuran ke gudu daidai lokacin da aka fi bukatarsa

Jihohin arewa uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, sun daɗe suna dogaro da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai. An kammala ta a 1982, ƙarfinta megawat 72. Ruwan madatsa yana ja baya a ƙarshen rani, wato daga Maris zuwa Mayu, kuma a watannin ne zafi ke haura digiri 40 a Garwa da Marwa, kowa ya kunna fanka da firigo. Bukata ta hau, ruwa ya sauka. An ƙara tashoshin sola a Marwa da Gidar, sun kuma taimaka, amma garuruwa suna girma fiye da yadda layin ke girma.

To ba laifi ba ne mutum ya nemi mafita a gidansa. Laifin a saya ba tare da lissafi ba.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a taka kasuwa

Kowane kayan wuta yana da lambar wat a jikinsa. A ninka lambar da yawan awannin da yake aiki a rana, abin da ya fito shi ake kira wat-awa, kuma shi ne abincin da kayan ke ci kullum.

Mu ɗauki gida mai ɗaki uku. Ƙwan fitila biyar masu wat 7, awa biyar a dare, sun ci 175. Talabijin da dikoda, wat 55 a haɗe, awa huɗu, 220. Wayoyin salula biyar, kowace kusan 12, 60 ke nan. Fanka biyu irin ta batir, wadda ke aiki kai tsaye da bolt 12, wat 15 kowace, awa goma, 300. Jimla 755.

Yanzu a cire fankar batir, a sa fankar sama ta kuran mai wat 70. Biyu, awa goma, 1,400. Jimlar gidan ta tashi zuwa 1,855. Ba a ƙara ɗaki ba, ba a ƙara mutum ba, fanka kawai aka sauya, amma abincin gidan ya ninka kusan sau biyu da rabi.

Ga abin da wannan ke nufi a aljihu. A yankinmu ana iya lissafa awa biyar na cikakkiyar rana kowace rana, sai a cire kusan kashi 30 cikin ɗari saboda zafi da ƙura da asarar cikin waya. Wato kowane wat ɗaya na faranti yana ba da wat-awa uku da rabi. Gida na farko, mai fankar batir, yana bukatar faranti mai wat 250 zuwa 300 da batir ɗaya mai 150Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke iya ɗauka). Gida na biyu, mai fankar kuran, yana bukatar wat 550 zuwa 600, da batir biyu masu 200Ah, da inbata a kai. Kuɗin da za a kashe wajen ƙarin batir ɗin kaɗai ya isa a sayi fankar batir sau da yawa.

Shi ya sa nake cewa sayayyar sola daga fanka da ƙwan fitila take farawa, faranti daga baya yake zuwa.

"Ai inbata tawa wat 3,000 ce"

Wannan ce gardama ta farko da ake ji. Inbata ba ta yin wuta. Aikinta ta karɓi abin da ke cikin batir ta mayar da shi bolt 220. Kamar bakin famfo take, komai faɗinsa, abin da ke cikin tanki shi zai fito.

Batir mai bolt 12 da 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,200 a takarda. In na dalma ne, rabin wannan kaɗai ya halatta a taɓa, wato 600. Dutsen guga yana cin wat 1,000 zuwa 1,200. Rabin awa na guga ya cinye abin da gida zai kwana da shi. Kuma don a fitar da wat 1,000 daga batir mai bolt 12, sai amfiya kusan 90 zuwa 100 ta bi ta cikin waya. Wannan yana bukatar waya mai kaurin murabba'in milimita 25 zuwa 35. Wayar da ke zuwa cikin kwalin inbata mai araha sau da yawa ba ta kai haka ba, shi ya sa take ɗumi, robarta ta yi laushi.

Akwai kuma abin da ba a faɗa wa mai saye. Babbar inbata tana cin wuta ko babu abin da aka jona mata, daga wat 10 zuwa 30. In aka bar mai cin wat 20 a kunne dare da rana, ta sha wat-awa 480, ya fi rabin abin da gidanmu na farko ke bukata gaba ɗaya. Mutum ya sayi babba don kada ta kasa, ashe ita ce ɓarauniyar cikin gida.

Inbata iri biyu ce. Mai araha tana fitar da wuta mai gargada, za ka ji fanka tana gurnani, injin firigo yana zafi fiye da kima. Mai tsada tana fitar da wuta sumul irin ta kuran. Ga fitila da cajin waya mai arahar ta wadatar. Ga duk abin da ke da inji mai juyawa, kada a kusance ta.

Batir, inda kuɗin ke mutuwa

A nan ya kamata a zauna, domin faranti yakan yi shekara ashirin yana aiki, batir kuwa shi ake ta binnewa.

Abu uku ke kashe batir na dalma a ƙasarmu. Na farko zurfin sha. In ana shanye shi kullum har fitila ta dushe, farantan dalmar da ke ciki suna kama wani farin gishiri mai tauri wanda caji ba ya narkar da shi, ƙarfin batir ya riƙa raguwa wata bayan wata. Na biyu rashin cika. Batir ɗin da ba ya samun cikakken caji aƙalla kwana-kwana, shi ma gishirin nan ke kama shi, kuma wannan shi ne sakamakon haɗa babban batir da ƙaramin faranti. Na uku zafi. An auna rayuwar batir a kan digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba rayuwar biyu. Wanda ya ajiye batir a ɗakin kwano marar silin a watan Afrilu a Marwa, ya san abin da ya saya. A nemi ɗaki mafi sanyi a gidan, ɗakin ƙasa in akwai, a ɗora batir a kan katako, a bar masa iska.

Na'urar gwada wuta ba ta da tsada, kuma kowane mai sola ya kamata ya mallake ta. A gwada batir da asuba bayan an kashe komai ya huta kamar awa guda. In ya nuna 12.6 ko 12.7, a cike yake. In ya nuna 12.1 zuwa 12.2, an sha rabi, nan ne iyaka. In kullum ana wayar gari a ƙasa da 12, ana yanka shi ne a hankali.

Sai gardamar da ake yawan yi: "Maƙwabcina batir ɗin mota yake amfani da shi, kuma lafiya lau." A tambaye shi bayan wata shida. Batir ɗin mota an yi shi da farantai sirara masu yawa don ya ba da wuta mai ƙarfi na daƙiƙa kaɗan ya tada inji, sannan mota ta cika shi nan take. Ba a yi shi don a riƙa tsotsarsa dare guda ba. Na sola farantansa masu kauri ne, shi ya sa ya fi nauyi.

Nauyin nan ma shi ne ma'aunin da ba a iya yi wa ƙarya. Batir na dalma mai 100Ah na gaske yana kai kilo 28 zuwa 30. Mai 200Ah yana kai kilo 55 zuwa 60, sai mutum biyu. In ka ga an rubuta 200Ah amma yaron shago ya ɗaga shi da hannu ɗaya, rubutun ne kawai 200. A sa shi a sikelin masu hatsi kafin a biya.

In batir ɗin mai murfi ne da ake ƙara wa ruwa, a duba shi kowane wata, a lokacin zafi kowane mako biyu. Ruwan batir tatacce ake zubawa har ya rufe farantan. Ba ruwan rijiya ba, ba na leda ba, kuma ba a ƙara asid. Kada kuma a haɗa sabon batir da tsoho a layi ɗaya, tsohon zai ja sabon ƙasa su mutu tare.

"Lithium ya yi tsada"

Ya yi, a ranar saye. Amma a duba abin da ake samu. Lithium irin LiFePO4 mai 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,280, kuma ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari ba tare da an cuce shi ba. Wato ɗaya yana aikin kusan biyu na dalma masu lamba iri ɗaya. Yana jure caji da sha sau dubbai, na dalma kuwa sau ɗaruruwa. Nauyinsa kilo 11 zuwa 13 ne, ba a ƙara masa ruwa, kuma bai damu ba ko bai cika kullum ba.

Sai dai ban yarda a ce kowa ya rufe ido ya saya ba. A cikin kowane lithium akwai wani allon lantarki mai tsaron sa, wanda ke yanke wuta in caji ya yi yawa ko sha ya yi zurfi. In allon nan ya lalace, batir ya yi shiru gaba ɗaya, kuma masu gyaransa ba su da yawa a wajen manyan garuruwa. Akwai kuma waɗanda ake cusa tsofaffin ƙwayoyin batir a sabon akwati. Gwajin nauyi ba ya aiki sosai a nan. Abin da ke aiki shi ne takardar garanti daga shagon da ka san zai kai baɗi a wurin, da kuma gwaji a gida: a cika shi, a jona kaya mai wat 100, a ƙirga awanni. In bai kai awa goma ba, ba 100Ah ba ne.

Wanda ke ƙauye mai nisa, kuma kuɗinsa bai kai ba, batir na dalma mai kyau da ake kula da shi ba abin kunya ba ne. Abin gudu shi ne na dalma marar nauyi. Araha ba ta ado.

Faranti da regilater

Lambar wat da ke bayan faranti an auna ta ne lokacin da farantin ke kan digiri 25. A kan rufinmu da tsakar rana yakan kai 65 ko 70. Kowane digiri na ƙari yana rage kusan kashi 0.4 cikin ɗari, don haka faranti mai wat 300 yana asarar kusan 50 saboda zafi kaɗai. Mutane suna zaton tsananin zafi ne ke ƙara wuta. Haske ne ke yi, zafi ragewa yake. Saboda haka kada a kwantar da faranti a jikin kwano, a ɗaga shi santimita 10 zuwa 15 iska ta bi ta ƙasa. A karkata shi digiri 10 zuwa 15 yana kallon kudu, ruwan sama ma zai riƙa wanke shi.

Girman faranti yana tona asirin lambarsa. Murabba'in mita ɗaya yana ba da kusan wat 200. Faranti mai wat 300 tsawonsa ya kai mita 1.6, faɗinsa mita ɗaya. In aka nuna maka wanda bai wuce mita ɗaya da rabin mita ba aka ce 300 ne, a je da awon tela.

A lokacin hunturu ƙura tana rufe gilashi cikin kwana biyu zuwa uku. A goge shi da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe ko da yamma. Ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi da rana tsaka yana iya tsaga shi. Inuwa kuma ta fi ƙura ɓarna, domin ƙwayoyin faranti a jere suke kamar carbi, inuwar reshen darbejiya ɗaya ko ta kwanon tauraron ɗan Adam tana iya danne layi guda.

Na'urar da ke tsakanin faranti da batir, wadda masu harkar ke kira regilater, iri biyu ce, PWM da MPPT. Kuskuren da aka fi yi shi ne a haɗa babban faranti mai wat 300, wanda ke aiki a bolt 32 zuwa 36, da PWM da batir mai bolt 12. PWM ba ta iya sauya bolt. Amfiya tara da farantin ke bayarwa ita za ta wuce, a kan bolt 14 na batir, wat 126 ke nan. An biya kuɗin 300 ana cin ƙasa da rabi. Ko dai a sayi farantai masu bolt 18 da suka dace da PWM, ko a sayi MPPT ta gaske, wadda ita ke iya sauya bolt. Ta gasken tana da nauyi saboda naɗin tagulla da ke cikinta. Ƙarama mai nauyin kwalin ashana da aka rubuta wa MPPT, PWM ce ta sa riga.

Wajen haɗawa, batir ake fara jonawa da regilater, sannan faranti. Wajen kwancewa, faranti ake fara cirewa. A sa fiyus a wayar ja, kusa da kan batir, kada ya wuce taƙi ɗaya. Batir ɗin da wayoyinsa suka haɗu babu fiyus yana iya narkar da waya ya kama labule. Ga nisan mita biyar da amfiya goma, waya mai murabba'in milimita 2.5 tana zubar da bolt 0.7, mai murabba'in milimita 6 kuwa 0.3 kawai. A kankare bakin wayar da wuƙa a shago. In cikin fari ne, alminiyam ne aka shafa wa tagulla.

"Gurup ya fi sauƙin saye"

Haka ne, kuma nan ne tarkon yake. Ƙaramin gurup mai haɗa fetur da baƙin mai yana shan kusan rabin lita a awa. Tun Fabrairun 2024 litar fetur a gidan mai sefa 840 ce. Awa biyar a dare, kwana talatin, lita 75, sefa 63,000 a wata, don a kunna fitila da fanka da talabijin. Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ta bayan fage, da ake sayarwa a kwalba bakin hanya ta rage nauyin a da, amma tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023 tazarar ta tsuke, ga kuma ruwa da datti da ke toshe kafireto.

A kwatanta da kuran. Farashin gida na kamfanin lantarki yana farawa daga sefa 50 a kan kilowat-awa ɗaya, wato wat-awa 1,000, ga masu ƙaramin amfani, ya hau zuwa 99 ga manya. Ƙaramin gurup yana ƙona fiye da lita ɗaya kafin ya ba da kilowat-awa ɗaya. Wutarsa ta fi ta kuran tsada sau goma ko kusa da haka. Don haka duk wanda ya ce zai cire konter, wato mitar wuta, ya rabu da kuran saboda fushi, fushinsa na kan hanya, lissafinsa ne ba ya kan hanya. In kuran ya zo, a yi guga, a cika tanki, a bar firiza ta daskare, a kuma caja batir da shi in girgije ya rufe rana a watan Agusta.

Amma gurup yana da wurinsa, kuma sola ba za ta ƙwace shi da wuri ba. Mai walda yana jan kilowat uku zuwa biyar a fizge. Mai injin niƙa, mai yankan katako, mai gyaran taya, duk aikinsu mai nauyi ne na ɗan lokaci, kuma kuɗin man yana fitowa daga aikin nan take. Batir ɗin da zai ɗauki wannan nauyi ya fi jarin shagon.

Wanda ya ajiye gurup ya kiyaye abu kaɗan. Mai haɗin mai yana son mililita 20 na baƙin mai a kowace lita ta fetur, wato kashi ɗaya cikin hamsin, ba a zuba da ido. Babba mai tankin baƙin mai dabam a juye masa bayan awa 20 na farko, daga nan kowace awa 50 zuwa 100, a kuma wanke soson iska akai-akai lokacin ƙura. Kada a taɓa kunna shi a ɗaki ko zaure ko gindin taga, domin hayaƙin da ke kisa ba shi da wari, barci yake sa mutum. Kada kuma a cusa wayarsa a soket ɗin gida ba tare da makunnin sauya layi ba. Wutar tana komawa kan layin waje ta iske ma'aikacin da ke kan falwaya yana zaton babu wuta, kuma in kuran ya dawo gurup ɗin ne zai ƙone.

A shago lissafin ya sha bamban da na gida

Gida da dare yake cin wuta, shi ya sa batir ke masa tsada. Shago da rana yake ci, lokacin da faranti ke bayarwa kai tsaye. Wannan ya sa sola ta fi saurin mayar da kuɗinta a wurin sana'a.

Mai aski injinsa wat 10 zuwa 15 ne. Mai cajin waya, wayoyi arba'in a rana ba su wuce wat-awa 500 ba. Mai kiyos ɗin Orange Money ko MTN Mobile Money, waya da fitila da ƙaramar fanka. Waɗannan duka faranti ɗaya da matsakaicin batir sun ishe su, kuma kunna musu gurup asara ce tsantsa.

Tela kuwa ya duba motar kekensa. Tsohuwar motar babban keke, mai kulochi, tana juyawa tun da aka kunna ta ko ana ɗinki ko ana hira, kuma ƙarfinta yana kai wat 400. Sabuwar da ake kira sabo, wato servo, sai an taka take jan wuta. Sauya motar ya fi ƙara faranti araha. Guga kuma, dutsen gawayi bai tsufa ba tukuna.

Mai sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi da folere, wato zoɓo, shi ne ya fi kowa shiga tsaka mai wuya. Firiza a zafinmu tana cin kilowat-awa ɗaya zuwa biyu a rana, kuma lokacin tashi injinta yana fizgar ninki uku zuwa bakwai na abin da aka rubuta. Dabarar ita ce a mayar da ƙanƙarar kanta batir. Kilo ɗaya na ƙanƙara yana haɗiye zafin da ya kai wat-awa 93 kafin ya narke. A jera robobin ruwa kilo ashirin a gindin firiza, a bar ta ta yi aiki daga ƙarfe tara na safe zuwa huɗu na yamma a kan rana, a kashe ta da dare, a rage buɗewa. Firiza mai murfi a sama ta fi mai ƙofa riƙe sanyi, domin iska mai sanyi nauyi gare ta, ba ta zubowa in an ɗaga murfi. A janye ta daga bango kamar taƙi ɗaya, kada rana ta taɓa ta.

Abin da ya fi ƙona injin firiza ba ɗauke wuta ba ne, raunin wuta ne da dawowarta bagatatan. A unguwannin da ke ƙarshen layi bolt yakan faɗi ƙasa da 180 da magariba, inji ya yi ta yunƙurin tashi ya kasa, naɗinsa ya yi zafi. Ƙaramar na'urar kariya da ke yanke wuta in ta yi rauni, ta kuma jira minti uku zuwa biyar kafin ta mayar, ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sabon inji ba.

"In kowa ya sayi sola, an sauke wa hukuma nauyi"

Wannan gardama tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Asibiti da masana'anta da famfon gari ba za su rayu da faranti biyu ba, kuma wutar Nachtigal mai megawat 420 a kan kogin Sanaga ba ta amfani ɗan Marwa sai layin da ya haɗa kudu da arewa ya tsaya da ƙafarsa. Dole a ci gaba da neman wannan. Amma yaron da ke da jarrabawa a watan Yuni ba zai jira layi ba.

Abin da nake ganin an yi sakaci da shi ya fi kusa da mu. Ƙasar nan tana da hukumar kula da inganci, ANOR, amma batir mai lambar ƙarya da faranti mai lambar ƙarya suna kan tebur a fili. Kafin hukuma ta iso, ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su iya ɗora wa kansu ƙa'ida: kowane rasit ya ɗauki nauyin batir da kilo, girman faranti da santimita, jerin kayan da aka ce zai ja da awanninsu, da watannin garanti. Mai kayan da ya ƙi rubuta cewa saitinsa zai ja firigo da fanka uku, ya riga ya amsa tambayar Baba Alhaji.

Sai matattun batura, da ke ƙaruwa a bayan ɗakuna yadda sola ke ƙaruwa a kan rufi. Kowane mai 100Ah yana ɗauke da dalma sama da kilo goma sha biyar da asid mai cin fata. Ana fasa su da gatari a tsakar gida, a zubar da ruwan a kwata, a narka dalmar a kan murhu inda yara ke wasa. Dalma tana shiga jinin yaro ta taɓa ƙwaƙwalwarsa, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Mataccen batir a bar shi a rufe, a tsaye, nesa da rijiya, a mayar wa mai shagon ya rage kuɗinsa daga na sabon. Masu sayen tsofaffin ƙarafa suna biyan kuɗi a kansa da kilo, don haka shagon ba ya asara in ya karɓa.